Gurbin da ke Cikin Waƙar Inna

Ranar da Hajiya Maijidda, shugabar makarantarmu, ta ce Yaya Nasrullahi ne zai riƙa koyar da kiɗa da waƙa a aji huɗu, sai da shayi ya sarƙe ni. Ni ce autar ɗakinmu, shi ne babba, kuma firamare ɗaya muke koyarwa a nan Ƙofar Galadima, ni Hausa, shi lissafi. Na san mutumina. Ko a gidan biki, da an rangaɗa guɗa zai fara duba agogo. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya yi ko da fito ba.

"Hajiya, ni fa malamin lissafi ne," ya ce.

"Shi ya sa na zaɓe ka. An ce waƙa ma ƙirge ce. Mai koyarwar ya samu aiki a Kaduna, silabas kuwa bai bi shi ba, yana nan. Je ka tsara mana."

Ya kuwa tsara. Yaya ba ya yi wa aiki riƙon sakainar kashi. Ya samo faffaɗar takarda ya ja layuka da rula, kowane mako da gidansa. Makon farko ma'anar kiɗa, na biyu tarihinsa, daga nan kayan bugawa, kayan busawa, har a kai ga jarrabawa. Ya zana kalangu a allo, kyakkyawa kuwa, da kibiyoyi masu nuna fata da igiya. Abu ɗaya ne ya rasa gida a takardar nan, shi ne sauti.

Kada in zalunce shi, yana da dalilinsa. Unguwarmu unguwar malamai ce. In ka bi lungunmu, zauren da ba a karatu a ciki to na gaba ana yi. Da za a ji ganga ta tashi daga makaranta, kafin azahar ofishin Hajiya ya cika da rawuna. Ga shi ɗan Malam, Allah ya jiƙan mahaifinmu, ga gidanmu bango ɗaya ya raba shi da filin makarantar. Duk abin da aka yi a filin nan, Inna tana jin sa daga tsakar gida. Yaya ba ya so a ce ɗan Malam ya koma maroƙi da alli a hannu.

Haka yaran aji huɗu suka kusa cinye rabin zango suna koyon kiɗa tsit, kamar masu jiran allura a asibiti. Sun iya rubuta algaita ba kuskure. In ka tambaye su yadda kukanta yake, sai su kalli juna.

Wata safiya Hajiya ta tare shi a gaban malamai.

"Malam Nasrullahi, jiya na wuce ta ajinka, har na cire takalmi don kada in dame ku. Na ɗauka jarrabawa ake."

"Darasin waƙa ne, Hajiya."

"To, Allah ya kyauta. Ranar rufe zango iyaye za su zo, kuma aji huɗu za su yi waƙa. Da baki nake nufi, ba a allo ba."

Kwana da kwanaki Yaya yana yawo da fuska kamar wanda aka ba shi maɗaci. Daga baya sai ga shi ya zo da dabara, kuma dole in yarda dabarar ta yi. Ya ce babu ganga, babu sarewa, tafi kawai za a yi da hannu. Waƙar kuma waƙar reno ce, irin wadda uwa ke yi wa goyonta.

"Tayyiba," ya ce mini, "duk girman rawanin mutum, ba zai tashi a gaban jama'a ya ce uwarsa ta yi laifi da ta lallashe shi yana goye ba."

Ya ba yaran aikin gida. Kowa ya je wajen mahaifiyarsa ko kakarsa ya karɓo waƙar da aka rene shi da ita, ko wadda aka reni babansa da ita.

Ashe gidajen nan da ake cewa ba a waƙa a cikinsu cike suke da ita, zaure ne kawai bai sani ba. Yara suka dawo da waƙoƙi kamar an buɗe rumbu. Akwai wata yarinya mai baki, Ihsan, 'yar Alhaji Jumare shugaban ƙungiyar iyaye, mutumin da ba ya dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ita ta kawo wadda kakarta ta yi wa babanta, inda ake ce masa mai kumatun ƙosai, ba ya barci sai an ɗura masa koko. Tun daga ranar in na haɗu da Alhaji a lungu sai in sunkuyar da kai. Shi ya ɗauka ladabi ne.

Ajina yana jikin nasa, bangon kuma bai kai rufi ba, don haka duk darasinsa da ni ake yi. Na ji yadda ya fara sakin jiki. Yana koya musu su tafa su ƙirga, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yana ce musu in waƙa ta yi shiru ba tsayawa ta yi ba, numfashi take, a ci gaba da ƙirga mata. Wata rana har na ji muryarsa ta bi ta yaran. Ba zan ce muryar tana da daɗi ba, amma tana zuwa a kan lokaci.

Ana cikin haka sai Ihsan ta ɗaga hannu.

"Malam, kowa ya kawo tasa. Kai ina taka?"

Na dakata da rubutu a allo.

"Ni ba ni da ita," ya ce. "Mu koma kan tafi."

Gaskiya ya faɗa, iyakar saninsa. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Da aka yaye shi, Gwaggo Asama'u, yayar mahaifinmu, ta ɗauke shi zuwa gidanta a Tukur-Tukur, a can ya girma. Har yau in Inna za ta ambace shi sai ta ce "na Tukur-Tukur", kamar wani mai kawo mana itace. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ta, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. In akwai magana, ta bakina take bi, ko da tsakaninsu bai fi tabarma ɗaya ba. Tsokar da ta fi kowace girma a tukunya tasa ce, amma ni ake ba kwanon a ce in kai wa "mutanen can".

Yaya ya san al'ada ce, shi ma zai faɗa maka haka. Amma na ji yadda ya ce "ba ni da ita", kuma abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya haura arba'in, yana da 'ya'yansa, yara talatin sun zo masa da waƙoƙin iyayensu, shi yana tsaye hannu wofi.

Da aka tashi muka biyo lungu tare. Sai da muka yi nisa Yaya ya juyo gare ni.

"Tayyiba, ke Inna ta yi miki waƙa?"

"Ai kowa ta yi wa," na ce. Kafin in rufe baki na so in cije harshena.

"Kowa," ya ce. Ya gyara hularsa. "To ara mini. Yaran suna son ɗaya daga gidan malaminsu."

Na duba gaba da baya, ba kowa sai wata akuya. Na rage murya na rera masa kamar yadda Inna ke yi mana, ni da Yaya Suhail da Yaya Su'ad:

*Kwanta, kwanta, mm-mm-mm-mm,*
*Inuwa ta kai bakin randa.*
*Ko tafiya ta yi nisa, mm-mm-mm-mm,*
*Zanen goyo yana nan a rataye.*

Daga ƙarshe takan ƙara da sunan wanda ke bayanta, ta ce wance ta Inna, yi barci. Ina rerawa ina ganin yatsunsa suna motsi a jikin rigarsa. Ni ina ba shi waƙa, shi yana duba mini lissafi.

"Sake," ya ce. Na sake. "Akwai abin da ya ɓace."

"Babu abin da ya ɓace. Haka take."

"Wurin nan da kike rufe baki. Bugu huɗu ne cif, kuma muryar tana hawa sama. Wanda ya yi waƙar ya sa kalma a wurin. An manta da ita ne kawai."

"Yaya, haka Inna ke yi tun ina goye. Ta rufe baki ta ja ta hanci."

"To ita ma a haka ta karɓa, da gurbi. Ni ba zan koya wa yara abu da gurbi ba. Ranar Juma'a a tambaye ta, wataƙila ta tuna."

Ni ma fa ban ga komai ba, kada a ɗauka na fi shi. Abin da ka taso kana ji tun ba ka san kanka ba, ba ka tambayarsa dalili.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya shigo da sallama. Aka yi dace Gwaggo Asama'u ta zo wuni, suna zaune a inuwa ita da Inna suna tsinke zogale a faranti. Gwaggo ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba. Yaya ya durƙusa ya gaishe su. Gwaggo ta amsa da ka da baki, tana tambayar matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Inna ta amsa wa zogale.

"Tayyiba," ya ce, "tambayi Inna. Waƙar nan ta reno, wurin da take rufe baki, wace kalma ce a wurin?"

Na juya wajen Inna, wadda ta ji komai sarai. "Inna, wai in ji Yaya..."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. "Ki ce masa haka take."

"Yaya, wai haka take."

"Ki ce mata ba zai yiwu ba. Bugu huɗu ne." Ya tafa hannu sau huɗu a tsakar gidan Malam, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. "Ko 'Allah raya' ne? Ya shiga daidai. Ko 'ɗan lelena'? Ki ce ta yi ƙoƙari ta tuna, don yara ne."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta miƙe. "Tukunyata za ta kama," ta ce, ta shige ɗaki ta saki labule. Ko wuta ba a hura ba a gidan.

Gwaggo ta kalli Yaya, ta kalle ni, sai ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har da tari, tana share ido da bakin zane.

"Wayyo ni Asama'u! Ni na reni wannan? Ka biyo uwarka har tsakar gida da tafi kana cewa ta tuna! Kai, ɗan nan, Allah ya shirye ka."

"Gwaggo, me na yi?"

"Ba ta manta ba, ɗan nema. Yau shekara arba'in da wani abu tana riƙe da ita. Kai dai faɗa mini, wace kalma ce a duk duniyar nan bakin uwarka ba ya iya faɗa? Sake tafawa. A hankali."

Ya ɗaga hannu. Ya tafa ɗaya, ya tafa biyu. Na ga leɓensa yana motsi. Nas, rul, la, hi. A na huɗun hannuwan suka haɗu suka ƙi rabuwa.

Gwaggo ta rage murya, duk da na san labule ba ya tare magana. "Kana bayanta ta ƙirƙire ta. A ɗaki take yi, ƙasa-ƙasa, don kada surukai su ji. Ranar da na zo ɗaukarka ko kallonmu ba ta yi ba, tana ta sharar wurin da ba datti. Sai da na kai zaure da kai na ji ta fara. Waɗannan," ta nuna ni da tsinken zogale, "aro aka ba su."

Ni auta, 'yar lelen Inna, ina zaune aka ce mini a kan waƙar aro na yi barcin yarinta. Na so in ji haushi, ban samu wuri ba, saboda ƙwalla ta riga ta cika mini ido.

Yaya ya cire hula, ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar. Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi ya matsa kusa da labulen, kusa fiye da yadda ya saba.

"Inna, na tafi."

Can sai muryarta ta fito. "Tayyiba, ki ce masa ya gaida gida."

Ranar Litinin ya koya wa aji huɗu waƙar. Yaran suka kama ta nan da nan. Ihsan, wadda ba ta ganin gurbi ta ƙyale, ta ɗaga hannu.

"Malam, mu sa wani abu a wurin mana. Kowa ya sa sunansa."

"A'a. A bar shi yadda yake. Ku rufe baki ku ja, ku ƙirga huɗu."

"Malam, ai kai ka ce ba ka son abu da gurbi."

"Wannan a cike yake. Mu je, daga farko."

Suka koma yin gwaji a fili, ƙarƙashin darbejiya, daf da bangon gidanmu. Ban sani ba ko inuwa ce ta kai shi can, ban kuma tambaya ba. Kullum bayan tara sai muryoyin yara su tashi, da tafinsu a tsare, ɗaya, biyu, uku, huɗu, kamar sojoji. Na lura dai Inna ta daina kunna rediyo da hantsi.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe zango, na ɗauki jaka zan fita, ta kira ni. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ki faɗa wa na Tukur-Tukur, yaran nan suna gaggawa a wurin nan."

"Wane wuri, Inna?" Na sani sarai. Auta ce ni, dole in ɗan taɓa.

Ta watso mini harara. "Kin san wurin. Ba a sauri a wurin." Ta ci gaba da kaɗa rariya. Har na kai bakin zaure na ji ta ƙara, kamar da garin take magana. "Ni ban taɓa sauri a wurin ba."

Na same shi a ofishin malamai yana makin lissafi. Na isar da saƙo kalma da kalma, yadda na saba.

"Ai bugu huɗu ne, Tayyiba," ya fara. "In aka ja shi, ƙirgen zai..." Bai ƙarasa ba. Ya rufe biro ya ajiye. Ya tashi ya je taga ya tsaya, ya ba ni baya, ni kuma na ga ya kamata in je in duba ajina.

Ranar rufe zango fili ya cika. Iyaye maza a gaba da rawunansu, mata daga baya. Na roƙi Inna ta zo, ta ce me za ta je yi cikin mutane. Amma da zan fito na ga ta janye tabarmarta daga inuwa ta shimfiɗa a jikin bangon makaranta, inda rana ta fi duka. Ta ce sanyi take ji a ƙafa.

Aji huɗu suka jeru. Suka fara da waƙar mai kumatun ƙosai. Alhaji Jumare ya yi ta gyaran rawani yana kallon sama, mutanen da ke gefensa suna ta tari, amma bai tashi ba, kuma babu wanda ya tashi. Hajiya Maijidda tana kusa da ni, sai murmushi take kamar ita ta haifi dabarar.

Waƙar Inna ce ta ƙarshe. Yaya ya tsaya a gaban yaran, ya ɗaga hannu. Suka ce kwanta, kwanta, suka rufe baki suka ja. Suka yi ta ja. Huɗu ta wuce, hannunsa yana sama bai sauko ba. Muryoyin yara talatin suna hawa a hankali ta hanci, suna ƙetare bango.

Hajiya ta taɓo ni. "Malama Tayyiba, sun manta ne?"

"Ba su manta ba, Hajiya."

Na duba yatsun Yaya. Ba ya ƙirgawa.